Na Je Badun Na Ɗauko Jikana

Mun tashi da asuba daga tashar Funtuwa, wasu masallatan ba su ma sallame ba, a cikin wata Fijo doguwa da aka ƙera don mutum bakwai aka cusa mu goma. Ni da maƙwabciyata mai sayar da kuka da daddawa aka tura mu can kujerar baya, inda gwiwa ke gaisawa da haɓa. Ita kasuwa ce ta kai ta Badun. Ni kuwa na gaya wa mutane ziyara za ni, amma ba ziyara ba ce. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, kun dame ni da tambayar abin da ya sa na bar aji wata guda, na dawo a rame, ga yaro a baya. To ga shi na rubuta, kowacce ta karanta da kanta, tunda yanzu duk mun iya. Wadda ta ga kuskuren baƙi ta gyara a ranta, ta ƙyale ni.

Autata Rabi tana aure a Sabo, unguwar Hausawa da ke cikin Badun. Duk bayan 'yan watanni takan aiko mini da kaset ta hannun wani direban motar goro. Ta gaida kowa, har tunkiyar gida sai ta tambayi lafiyarta. Ɗanta Habibu ne kawai ba ta ambata, kun dai san kunyar ɗan fari. Amma nakan ji shi a baya yana ƙiriniya, yana kokawar ƙwace rediyon. Wannan karon kaset ya ƙare tas ban ji ko tarinsa ba. Na tsare direban da tambaya, ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce, "Inna, yaron dai yana nan. Amma ki je ki gani da idonki." Ban sake kwana da daɗi ba sai da na gan ni a tasha.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Na yi magana, ɗan kamasho ya ce in je in tambayi masu sayar da fetur. Hanyar Birnin Gwari kuwa, ramin da na bari wancan zuwan yana nan, ya ma haihu. Ko'ina shingen sojoji, direba ya miƙa hannu ta taga kamar mai gaisuwa, mu wuce. Abin da ya rage mini zafin tafiyar shi ne allunan bakin hanya. Wancan karon da na bi hanyar nan makauniya ce ni, yanzu kuwa babu allon da ya wuce ban karanta shi da ƙarfi ba, har wani dattijo a kujerar tsakiya ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, ki rage mana wasu mana." A bayan Tegina na karanta rubutun jikin wata tirela, wai "Sannu ba ta hana zuwa." Tana kwance a kwari, tayoyinta sama.

A Makwa muka yi azahar. Doya jibge kamar ba za ta ƙare ba, amma ka taya ka ji kamar a Makka aka noma ta. A Jaba muka haye Kwara, na runtse ido har muka gama gadar, ba na son ganin ruwan da ba ni ganin ƙarshensa. Mata suka yanyame motar da soyayyen kifi, wanda bara ake ba ka a naira biyu yanzu sai biyar, kuma kifin ya ƙanƙance. Maƙwabciyata ta saya ta miƙo mini, na ci don kada ta ce wani abu. Daga Ilori gari ya canza, bishiyoyi suka haɗe, iska ta yi nauyi kamar a ɗakin mai jego. Tsakanin Agbamasho da Oyo kuwa, tankokin mai ne ke da hanya, mu ara muke. Direbanmu ya daina hira, ni na daina karatun allo na koma salati.

Ana kiran magariba muka sauka a tashar Ojo. Maƙwabciyata ta nufi masaukinta wajen Bodija, ni na hau bas zuwa Sabo.

Sabo tana nan yadda na san ta. Lunguna matsattsu, kwanon rufi duk ya yi ja da tsatsa, hayaƙin tsire da ƙamshin goro da warin kwata duk a hanci ɗaya. Yara suna Hausa, kafin ka ankara sun juye Yarbanci, sun dawo. Wasu 'yan mata suka karɓe mini jaka suna "Ekabo, Mama, sannu da hanya."

Gidan na uwar mijin Rabi ne, kowa Alhaja yake ce mata. A Sabo aka haife ta, arewa a bakin mutane take jin ta. Mace ce mai jiki, mai murya, mai kyauta, ba zan rage mata ba. Tun da mijinta ya rasu da abincin sayarwa take riƙe da gidan: shinkafa da wake da mai da yaji, a bisa a tula salak na ɗanyen latas da kabeji da albasa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli. 'Yan dako da 'yan talla na Sabo duk sun san tirenta. Ta rungume ni, ta sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Rabi ta zo ta durƙusa, kai a ƙasa. Na ga wuyanta ya yi tsawo, na kuma ga tana da ƙaramin ciki.

Na ce, "Ina angona? Ko ya ji na zo ya gudu don kada in tambaye shi kuɗin cefane?"

Alhaja ta ɗaga labulen ɗakinta. Yana kwance a gadonta.

Jama'a, yaron da na bari yana bin kaji da muciya, shi ne na tarar ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara, idanu sun faɗa. Na yi masa wasa, ya dube ni kamar daga nesa. Ban gama zama ba ya fara murɗe-murɗe yana riƙe ciki. Alhaja ta ɗora shi a fo. Ya yi ta yunƙuri yana kuka, abin da ya fito ɗan kaɗan ne, majina da jini. Na ce wannan ai atuni ne. Alhaja ta ce, "A'a, jedi-jedi ne, Innar Rabi. Zaƙi ne ya yi masa yawa. Muna ba shi agbo, yana tafiya yana dawowa." Jedi-jedi ciwon ciki ne da Yarbawa ke cewa zaƙi ke kawowa, agbo kuwa jiƙon saiwoyinsu ne, ga kwalabensa nan jere a ƙarƙashin gado. Na tambayi tun yaushe. Ta ce tun kafin azumi. Mu kuwa a lokacin har an yi babbar salla.

Na waiwaya in ga Rabi. Tana bakin ƙofa tana tsintar wake, ba ta ɗago ba. Amma waken da take tsinta, mai kyau take zubarwa.

A gidan nan babu mai kiran yaron da sunansa. Sunan marigayi mijin Alhaja aka sa masa, don haka ita "Alhajina" take ce masa, uban yana ce masa "Baba", uwar kuwa ko "yaron nan" sai ta kama dole. A ɗakin Alhaja yake kwana tun da aka yaye shi, a kwanonta yake ci. Rabi ba ta da bakin cewa komai a kansa. In ta nuna damuwa a ce ba ta da kunya, in ta yi maganar abinci a ce ta zagi uwar miji.

Daren nan aka kawo mini shinkafa da wake da salak, na cinye tas. Gaskiya ɗaya ce, yana da daɗi. Ganyen kore shar, yana ƙaras-ƙaras a baki. Har na yaba.

Da safe na tafasa ruwa na haɗa gishiri da sukari yadda malama ta koya mana, wanda rediyo ma ke ta shela. Na ɗauko cokali ke nan Alhaja ta riƙe mini hannu.

"Me kika zuba a ciki?"

Na ce gishiri da sukari.

"Sukari? Ga mai jedi-jedi? Wata huɗu ina hana shi ko rake, ke ki zo rana ɗaya ki ɗura masa sukari? Haba, Innar Rabi. Boko ɗin da aka ce kin shiga da tsufa, abin da aka koya miki ke nan?"

Na ce, "Alhaja, da tsufa na shiga, amma da idona biyu na shiga. Dubi bakinsa, ya bushe kamar ƙwarya."

Ta ɗauke kofin ta tuttular a kwata. A gidanta nake, na haɗiye. Amma da ta shiga ɗakin girki na ɗauki yaron na goya, na ja mayafi, na fita. Rabi ta gan ni. Ta kau da kai, sai dai na ga ta tura takalmansa da ƙafa zuwa inda zan wuce.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi na samu ta wajen Mokola. Aka tambayi sunansa, na ce Habibu, da ƙarfi, har yaron ya motsa a bayana. Suka ba shi ruwan nan dai da aka zubar mini, ya sha kamar zai haɗiye kofin. Suka ce a kai bayan gidansa ɗakin gwaji tun da ɗuminsa. Mai gwajin wata Bayarabiya ce da ta tashi a Zariya, Hausarta ta fi ta yaran Sabo. Ta ɗiga a gilashi, ta leƙa a madubinta mai ƙara girman abu, ta daɗe. Na ce me ta gani. Ta ce, "Zo ki gani da kanki, Mama." Ta nuna mini yadda zan rufe ido ɗaya.

Da fari haske kawai na gani. Can sai ga wani abu kamar ɗigon koko, ba kai ba ƙafa, yana miƙo gefe ɗaya yana jan sauran jikinsa. Yana tafiya abinsa, ba ya sauri. Wannan ne ya cinye mini jika wata da watanni, ana bin sa da jiƙo.

Ta ce sunansa amiba. A hanji yake zama yana cin bangon hanjin, shi ya sa jini. Ƙwansa yana fita a bayan gidan mai ɗauke da shi, ya shiga ruwa, ya maƙale a ganye ko a hannu, wani ya haɗiya. Ta ce babba yana iya yawo da shi shekara bai sani ba yana raba wa mutane, wani kuwa ya kwantar da shi. Sannan ta tambaye ni, "Me yake ci ɗanye?"

Sai na tuna salak ɗin jiya.

Aka ba mu magani mai ɗaci, aka ce ya sha har ya ƙare ko ya ji sauƙi, ruwansa a tafasa, kada ya ci ganyen da bai ga wuta ba. Da na koma gida Alhaja ba ta yi mini magana ba sai da la'asar. Maganin dai ta bari na ba shi, tunda ɗaci gare shi.

Surukina, mijin Rabi, shi ke kawo ganyen kullum da sassafe. Mutumin kirki ne, mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da ni. Na ce masa zan bi shi in sayi doya a Kasuwar Shasha. Muka hau bas, shi a gaba ni a baya. Da aka zo Shasha ya sauko zai taimake ni, na ce na fasa, inda za shi nan za ni. Wa ya taɓa ganin suruka tana bin suruki lambu? To an gani.

Lambun yana can ta wajen Akinyele, a bakin wani rafi. Mutanenmu ne ke nomansa, na ji Katsinanci a bakinsu har na ji daɗi. Wuri ne mai kyau, fangali-fangali na latas kamar an shimfiɗa koren bargo. Da ruwan rafin suke ban-ruwa. In an tuge ganyen sai a zuba a kwando a tsoma a rafin a girgiza, laka ta fita, ya fito yana ƙyalli. Haka surukina ya yi, ya naɗe wando ya shiga, ya wanke sau uku, da bisimilla. A gida kuma ba a sake wankewa sai yayyafi, don Alhaja ta ce yawan wanki yana kashe ganye, kuma ai ɗanta ya riga ya wanke.

Na bar su na bi gefen rafin na yi sama, ta inda ruwan ke fitowa. Ban yi nisa ba. Bayan wata 'yar kwana akwai gidaje a kan tudu, babu salga ko ɗaya, rafin ne salgarsu. Ba sai na zayyana muku abin da na taka da abin da na tsallake ba. Ga wata kwata baƙa tana gangarowa daga gidajen tana shiga ruwan a hankali. Daga nan in ka waiwaya kana hango kwandon surukina.

Na dawo na ce ya zo ya gani. Ya ce ya sani. Ya sani!

"Inna, ai ruwa ne mai gudu. Malamai sun ce ruwa mai gudu, muddin launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba, mai tsarki ne. Ga shi nan garau. A nan muke alwala."

Na ce, "Ni ban zo yin gardama da malamai ba, sun fi ni sani. Amma alwala suka ce ka yi da shi. Akwai malamin da ya ce ka zuba wa ɗanka a ciki? Abin da na gani a madubi jiya ba shi da launi, ba shi da wari, kuma ba ya tambayar ko ruwa na gudu."

Masu lambun suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Hajiya, mu nan muke sha, ga mu garau." Na dube shi. Wandonsa da igiya ya ɗaure, ta zagaya ƙugu sau biyu.

A Sabo ma na lura. Gidan wankan da ke bakin lungun, layin bayan gidansa ya fi na wanka tsawo, kuma yawanci 'yan dakon nan ne masu cin abincin tire. Ka tambaye su, su ce baƙon ruwan Kurmi ne, duk ɗan arewa sai ya yi. Mutum ya baro Sakkwato ya zo ɗaukar buhu a ka, rabin ƙarfinsa yana tafiya a masai, yana cewa gari ne bai karɓe shi ba.

Na samu Alhaja ita kaɗai, don kada ta ce na tozarta ta. Na gaya mata abin da na gani, a madubi da a rafi. Na ce ko dai a daina ɗanyen, ko a riƙa zuba masa tafasasshen ruwa.

Ta ce, "Dafaffen latas? Wa zai saya? In na cire ganye yau, gobe suna gidan wata. Da tiren nan na binne mijina, da shi na aurar da 'ya'yana, da shi na biya sadakin 'yarki. Ni ma ina ci kullum, me ya same ni? Ki zo daga arewa ki ce abincina kashi ne?"

Na ce ban ce ba. Ta ce na ce. A gaskiya na ce, ba da wannan kalmar ba ne kawai.

Na zauna na ga ƙarshen maganin. Allah da ikonsa jinin ya tsaya, murɗar ta lafa. Na riƙa dama masa kunu da kaina, ina tafasa ruwansa a wata 'yar tukunya da na saya. Ya fara zama, ya fara tsayawa, ranar nan har ya ja mini ɗankwali ya ce, "Tsohuwa, ba na aurenki." Na ce ai ni ma na fasa, wa ke son miji mai fo. Rabi tana wanke-wanke ta baya, na ji dariya ta kuɓuce mata ta mai da ita tari.

Har na fara ɗaure kayana. Rannan da hantsi na dawo daga tsai da ranar komawa gida da maƙwabciyata a Bodija, na shigo tsakar gida, sai ga Alhaja zaune a kujerarta, yaron a cinyarta, kwano a gabansu. Tana ɗebo shinkafa da ganye da hannunta tana sa masa a baki, tana masa waƙa da Yarbanci. Shi kuwa yana karɓa, don yana so.

Ban san lokacin da na fizge shi ba. Na sa yatsa na kwakulo abin da ke bakinsa, ya fasa kuka. Matan da ke haya a gidan suka firfito.

Alhaja ta ce, "Ya warke ai! Loma biyu ce. Yana kallona ina ci, in hana shi? Alhajina ne fa!"

Na ce, "Ni zan tafi da shi Funtuwa."

"Ki tafi da wa? Ɗan fari na dangin uba ne. A hannuna aka yaye shi. Ko ubansa bai isa ya ɗauke shi daga ɗakina ba."

Uban yana tsaye a bakin zaure da kwando, ya sunkuyar da kai. Na san ba zai yi magana ba. Na kuma san a al'ada Alhaja ta fi ni gaskiya. Ba ni da abin da zan riƙe sai yaron da ke kuka a hannuna, kuma da ta miƙo hannu, da sai na ba ta.

Sai muka ji an ajiye kwano da ƙarfi.

Rabi ce ta miƙe daga wajen wanke-wanke, hannunta duk kumfa. Yarinyar da tun da na zo ban ji muryarta ta wuce ta sauro ba. Ta tako har tsakiyar gida, a gaban uwar mijinta da mijinta da matan haya, ta ce, "Inna, ki tafi da Habibu." "Habibu ɗana ne. Wata huɗu ina jin kukansa ta bango, ina ƙirga sau nawa ya tashi. Ni ke wanke fo ɗin, ni na san abin da ke ciki. Ki tafi da shi, Inna, kada ya mutu ina kallo ina kunya."

Wata daga cikin matan haya ta kama baki ta ce, "Ah ah!" Yaron ma ya daina kuka yana kallonta, ina jin bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Alhaja ta dube ta. Ta ce, "Yau na ga rashin kunya da rana tsaka. A gabana kike kiran sunan mijina." Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Surukina ya ajiye kwandon, ya durƙusa nesa da ni, ya ce, "Inna, ki tafi da shi ya kwana biyu." Iyakar abin da ya iya ke nan, na kuma gode.

Daga ranar har na tafi babu matar da ta yi wa Rabi magana a gidan. In ta wuce a bi ta da ido. Na ba ta 'yar tukunyata na ce ta riƙa tafasa ruwan shanta, ta bar ganyen ko don abin da ke cikinta. Ta ce, "Inna, in Alhaja ta zubo mini, in mayar mata?" Har yau ina juya tambayar nan.

Ranar tafiya Alhaja ba ta fito ba. Na yi sallama a bakin labule, ta amsa daga ciki. Na goya yaron, mun kai zaure sai ga wata daga matan haya ta biyo mu da kwanon sha ɗaure a ɗankwali, wai in ji Alhaja guzurin Alhajinta ne. Rabi ta tsaya a iyakar inda aka yarda ta tsaya. Ba ta taɓa shi ba, kunyar ta dawo. Takalmansa kawai ta miƙo mini.

A tashar Ojo na kwance ɗankwalin da niyyar in juye abincin a bola. Na buɗe. Shinkafa da wake ce da mai da yaji, da ƙwai dafaffe guda biyu. Babu ganye ko ɗaya. Ko albasar soyayya ce.

Ashe ta ji. Ashe ta yarda. Kuma da muke fitowa daga lungun da safen nan, da idona na ga tirenta ya fita zuwa wajen 'yan dako, an tula masa ganye kore shar har yana zuba.

Dawowa ba ni da labarin hanya da yawa, don ban karanta allo ko ɗaya ba. Tun daga Oyo cikina ya fara murɗawa. Salak ɗin daren farko ne, wanda na yaba, ya jira har na hau mota sannan ya zo karɓar godiyarsa. Kafin Jaba na tsayar da direba sau ba adadi. Ya fara gunaguni, na ce ko ya tsaya ko ya wanke mota, ya zaɓa. Maƙwabciyata ta riƙe yaron, ni ina bin ciyawa da buta, mace da jikoki. Wani fasinja ya ce baƙon ruwan Kurmi ne. Ban da ƙarfin zaginsa. Mun shigo Funtuwa bayan isha, washegari na kai kaina asibiti, aka ba ni irin maganin Habibu. Yanzu na san abin da ya sa yake tofarwa.

To, 'yan ajinmu, abin da na koyo ke nan, kuma bai yi mini daɗi ba. Ganye ɗanye, in ba ki san ruwan da ya sha ba, ki nuna masa wuta. Ruwan da ya halatta ki yi alwala da shi ba lalle ne ya halatta ga cikin yaro ba. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne, a gidan nan babu wanda ba ya son yaron. Kakarsa tana son sa, da hannunta take ba shi cutar. Ubansa yana son sa, shi ke ɗauko ta a kwando. Uwarsa tana son sa, mu muka koya mata ta yi shiru, ni da kaina na koya mata. Ranar da ta buɗe baki ɗanta ya tsira, ita kuma aka sa mata suna marar kunya, kuma da sunan za ta zauna a Sabo. Na ɗauko ɗaya na baro biyu, ita da na cikinta, suna ci daga kwandon nan.

Habibu yana nan, ya fara kumatu, ya koma bin kaji. Da yamma yakan tsaya a bakin ƙofa ya tambayi yaushe Alhaja za ta zo. Sai in ce masa ya zo ya ci tuwo.

Makon jiya direban goro ya zo zai koma Badun. Na sa yaron ya yi ta surutu a kaset har ya gaji, na ce a ba Rabi a hannunta. Saura kwanon Alhaja. Ba a mayar da kwano babu komai, ko ana faɗa. Na yi ta tunanin abin da zan zuba. Daga ƙarshe na shiga wajen maƙwabciyata na cika shi fal da garin kuka, na ɗaure da ɗankwalin Alhaja. Ganye ne shi ma. Amma duk son mutum da ɗanye, wannan sai ya ɗora tukunya.